Miyar Ƙugu a Rumfar Herlinda

Litinin, 20 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Yau aka fara miyar ƙugu a Huajuapan. Tun daga ƙofar kasuwa ƙamshin barkono da naman akuya ya tare ni. Comadre Herlinda mai rumfar abinci ta ajiye min wurina a ƙarshen benci, inda nake zama cin abincin rana shekara tara ke nan, tun rasuwar matata Amparo. Ta zuba min ƙashin ƙugu ɗaya da na gadon baya biyu, romo ja wur, ɗanyen wake yana iyo a kai. Ta turo min albasa da lemon tsami da tortiya huɗu, wainar masararmu, a naɗe cikin tsumma. 'Ya'yan guaje, bishiyar nan mai kama da ɗorawa, sun ji a ciki yadda ya kamata. Wata guda tak ake yin miyar nan a shekara, lokacin yankan awakin da suka yi kiwo a kan duwatsu, kuma duk shekara sai na sassauta bel kafin in tashi.

Yau na bar rabi.

Melitón mai gyaran takalma ya leƙa kwanona ya ce da alama na yi sabuwar budurwa mai ciyar da ni a ɓoye, tsoho da rawar kai. Aka yi dariya. Herlinda ta ci gaba da juya tortiya a kasko.

Hirar benci duk a kan Don Cástulo take, tsohon nan mai gawayi da mota ta buge a layin bayan kasuwa ranar Asabar da asuba. Yana asibiti, bai farfaɗo ba. Sun ce wata jar a-kori-kura ce ta yi ribas ta hau shi, ta gudu. Melitón ya tuna cewa ta layin nake bi in za ni coci da sassafe, ya tambaye ni ko ban ga komai ba. Na ce gari bai gama wayewa ba.

Gari bai gama wayewa ba. Wannan ba ƙarya ba ce.

Talata, 21 ga Oktoba, bayan azahar

Wasiƙa shida na buga wa mutane a teburina da ke barandar gidan waya. Shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki da tafireta guda, ban cika kuskure ba. Yau sau biyu na ɓata sunan mutum, sai da na sake takarda.

Nazario bai zo rumfa ba. Shi ne ɗan Herlinda, magidanci mai 'ya'ya mata biyu, shi yake ɗauko mata nama daga mayanka kullum da asuba. Ni da Amparo muka riƙe shi a coci ranar baftismarsa, daga nan muka zama compadre da comadre ni da uwarsa, shi kuma yake kira na padrino, wato uban baftisma. Ban tambaya ba, ita ce ta ce motarsa tana Acatlán wurin mai gyara. Gari cike da makanikai, sai Acatlán.

Laraba, 22 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya

Don Cástulo ya rasu.

Alhamis, 23 ga Oktoba, yamma

'Yan sanda sun kama wani Bulmaro, mutumin kan duwatsu da ke kawo tumatir kasuwa. A-kori-kurarsa ja ce, kuma bayanta a lotse yake. Mutanen benci kamar an sauke musu kaya. Melitón ya ce dama mutanen ƙauyen nan tuƙi suke kamar masu korar jaki, wani ya ce ai da ganin idonsa. Ba wanda ya san shi a cikinsu, sai dai su sayi tumatirinsa.

Jar mota biyu ce ke shiga layin nan da asuba. Duk wanda ke kan bencin ya sani. Ba wanda ya faɗa, ni ma ban faɗa ba.

Herlinda ta tsamo min ƙashi mai ɓargo daga ƙasan tukunya, irin wanda take ajiye wa fadan coci in zai zo. Na tsotse shi don tana kallona. Ya yi daɗi, abin da ya fi damuna ke nan.

Asabar, 25 ga Oktoba, ƙarfe uku

Nazario ya zo. Ina tsakiyar ci na ji an zauna kusa da ni, an kama hannuna an sumbata, yadda yake yi tun yana ɗan shekara huɗu. Ya rame. Uwarsa ta ajiye masa kwano ya yi ta yayyaga tortiya yana tarawa a gefe, bai kai ko loma ɗaya baki ba. Ya tambayi ƙafata, ya ba ni labarin ƙaramar 'yarsa da ta fara fitar da haƙori. Can sai ya dubi fuskata.

"Padrino, tabaran nan naka ya tsufa. Da ƙyar kake gani da shi, ko? Bari in kai ka Puebla a sake maka."

Ban san ko roƙona yake ba, ko gaya min yake abin da zan ce. Wataƙila shi ma bai sani ba. Na ce zan yi tunani. Ya sake sumbatar hannuna ya tashi. Hannunsa sanyi ƙalau, ga shi a gaban wuta muke.

Bara aka yi min tabaran. Shi ya kai ni.

Lahadi, 26 ga Oktoba, safe

Na je coci ta babban titi. Hanyar ta fi tsawo. Layin masu furta zunubi gajere ne yau, mutum uku. Na tsaya a bayansu, da aka zo kaina na ba wata tsohuwa wuri, na fita.

Talata, 28 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Marubuta huɗu ne muke zaune a barandar nan. A cikinmu huɗu, teburina ta zaɓa.

Gajeriyar mace ce, gyalenta baƙi, ƙafarta duk ƙura. Sifaniyancinta kaɗan ne, tana haɗawa da yaren kan duwatsu, wanda nake ɗan ji saboda kakata. Ta ce sunanta Tomasa, matar Bulmaro, an ce mata ni ne na iya takardar hukuma. Na sa takarda da kabon na ce ta faɗi abin da take so.

Ta ce ranar Asabar ɗin mijinta bai sauko gari ba sam, saniyarsu ce take haihuwa, ɗan maraƙin ya zo a juye, shi ya kwana a kanta. Lotsewar motar tun watan Yuni take, dutse ne ya gangaro. Duk ƙauyen sun sani, amma ba wanda ya hau ya tambaye su. Ta ce ta gan shi ranar Lahadi, leɓensa a kumbure, ya ce mata faɗuwa ya yi. Ta ce kada in sa wannan, kada ran 'yan sanda ya ɓaci.

Na buga mata takarda mafi kyau da na taɓa bugawa. Ba kuskure ko ɗaya. Na karanta mata, ta dangwala yatsa a ƙasa, ta goge tawadar a gyalenta.

"Maigida, za su karanta kuwa?"

Na ce suna karantawa. Ta ce Allah ya saka min, ta ce da ganina mutumin kirki ne.

Ban je kasuwa ba.

Laraba, 29 ga Oktoba, ƙarfe biyu da rabi

Yau ma ban je ba, sai ga Herlinda da kanta. Ban taɓa ganin ta bar rumfa da tsakar rana ba, ko ranar da aka cire mata haƙori. Ta ture takarduna ta ajiye kwano a rufe da faranti, ta tsaya a kaina ta harɗe hannu. Ta ce mutum ba ya cin abincinta shekara tara sannan ya ɓace ba sallama, mutane sai su zaci gishirinta ne ya canza. Na ce cikina ne. Ta ce romon akuya maganin ciki ne.

Na ci a gabanta, sauran marubutan suna satar kallo. Ina ci tana magana, ba ni take duba ba, titi take duba. Ta ce jiya ta yi mafarkin Amparo. Ta tuna watannin ƙarshe, lokacin da take rufe rumfa ta zo ta yi mata wanka ta canza mata zanin gado, don ni na kasa. Ta tuna atole, kunun masarar da take dama mata da ruwa-ruwa, shi kaɗai cikinta yake karɓa.

Duk gaskiya ne. A shekara tara ba ta taɓa ambaton wannan ba, ko sau ɗaya. Ta ɗauki kwanonta ta ce sai gobe, compadre.

Juma'a, 31 ga Oktoba, yamma

Kasuwa ta cika da furen rawaya da kyandir da burodin matattu na bikin tunawa da mamata, da ƙyar mutum yake ratsawa. Tomasa tana zaune a bakin ƙofa da kwanduna biyu na tumatir da ta sauko da su a motar haya. Sun fara laushi. Mutane suna wucewa ta gabanta kamar babu kowa a wurin.

Ina kan benci na ga Herlinda ta cire atamfar gabanta ta fita. Ta dawo da kwando ɗaya a ka, Tomasa tana biye da ita da ɗayan. Ta saye duka. Sannan ta nuna mata benci, ta zuba mata miya kwano cike. Wurin da ya rage shi ne kusa da ni.

Tomasa ta gane ni ta gaishe ni. Ta ci kamar wadda ta kwana biyu ba ta ga abinci ba, tana kare kwanon da hannu, tana tsotsar ƙashi har ya yi fari. Melitón ya buɗe baki zai yi barkwanci ya fasa, ya tashi da sauran miyarsa a kwano. Da ta gama ta kama hannun Herlinda biyu ta ce ita ma uwa ce, ta san Allah ba zai bar 'ya'yan mai wannan hali su wulaƙanta ba.

Herlinda ta zare hannunta ta juya wurin tukunya. Ta daɗe tana juya miyar da ba ta buƙatar juyi. Ni kuwa ina kallon bayanta, ina tunanin ko ta sani, ko tana zato ne kawai, ko shi ya gaya mata. Ban taɓa jin tausayinta kamar yau ba. Ban taɓa jin tsoronta ba sai yau.

Asabar, 1 ga Nuwamba, azahar

Tumatirin jiya ne a miyar yau. Na gane da zaƙinsa.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Na wuni a maƙabarta. Na share kabarin Amparo, na sa mata fure da kofi da ayabar da take so. Kabari na biyar daga nata sabo ne, ƙasar ba ta kwanta ba. 'Yar Don Cástulo tana zaune a gefensa ita kaɗai, ta ajiye masa tamal biyu, ƙullin masara a ganye, da hularsa.

Gari bai gama wayewa ba. Amma ranar Asabar ɗin akwai fitila a bangon ma'ajiyar kayan da ke layin, kuma tana ci. Direban jar motar ya tsaya. Ya fito, ya zagayo baya, ya durƙusa, ya kai kamar minti guda a durƙushe. Da ya miƙe ya waiwaya, ina jikin bango da littafin addu'ata a hannu, tsakaninmu bai fi taku goma ba. Na jira ya yi magana. Shi ma ina jin ni yake jira. Sai ya koma ya ja motar.

Ni na buga ƙofar mai gadi na ce a kira asibiti, na ce tsintar tsohon na yi a kwance.

Na rubuta suna a nan na soke.

Talata, 4 ga Nuwamba, safe

An ce Bulmaro ya sa hannu a wata takarda. Bulmaro bai iya karatu ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu

Ba wanda ya zo teburina bayan azahar. Na sa takarda da kabon na buga tawa shaidar. Layi goma sha huɗu ne, har da sunan. Tana aljihun rigata, duk motsin da na yi sai na ji ƙarar takarda.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Na yi jinkiri da gangan har benci ya watse. Ta riga ta fara wanke kwanuka, amma ta ajiye min nawa a gefen murhu a rufe. Na ci loma uku na ajiye tortiya. Na ce comadre, ina da magana. Ba ta juyo ba.

Na ce ranar Litinin ƙarfe tara zan je ofishin mai gabatar da ƙara. Na ce in mutum ya kai kansa kafin a je nemansa, abin yakan zo da sauƙi, na ga irin haka da yawa a takardun da na buga. Na ce kwana huɗu ke nan.

Ba ta tambaye ni me na gani ba. Ta tsame hannunta daga ruwa ta goge, ta zo ta tsaya a gabana, kantar rumfar tana tsakaninmu.

"Kai ka riƙe shi a coci, Evaristo. Da hannunka."

"Shi ya sa na fara zuwa nan."

"Yana da 'ya'ya biyu."

"Bulmaro yana da biyar."

Shekara talatin da huɗu ba ta kira ni da sunana ba, tun ranar baftismar. Ta dube ni har na ji wuyana yana zafi. Na zaci za ta watsa min miyar, da ta yi da na fi samun sauƙi. Sai ta ɗauki tortiya mai zafi daga kasko ta ajiye min a kan tsumma.

"Cinye abincinka. Ba a bar min saura a rumfa."

Na cinye. Ban ji ɗanɗanon komai ba.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Burodi da kofi a gida. Shiru.

Asabar, 8 ga Nuwamba, yamma

Shiru. Na duba sakatar ƙofa sau uku, ni da na koya wa yaron nan ɗaura igiyar takalmi. Na ji kunyar kaina, na sake dubawa.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Tun ƙarfe uku motar Nazario take ƙofar gidana. An yi mata sabon fenti, shuɗi. Ina kallonsa ta labule, yana zaune hannunsa biyu a kan sitiyari. Sai bayan awa guda ya ƙwanƙwasa. Na buɗe, ya ƙi shigowa, bai kuma kama hannuna ba.

Ya ce yana da aboki da zai tsallakar da shi ƙasar da ke arewa da mu, in ya tashi yau, Laraba yana bakin iyaka. Ya tambaya in ya tafi, ko zan bar maganar. Na ce ko ya tafi ko ya zauna, mutumin can yana kulle. Ya ce bai ga tsohon ba, ya rantse da 'ya'yansa bai gan shi ba. Na ce na yarda, ya je ya faɗa musu haka.

"Padrino, da ka yi min magana a wurin, da ban gudu ba."

Ya koma motarsa ya tafi.

Litinin, 10 ga Nuwamba, ƙarfe uku

Na tsaya a bakin ofishin daga tara saura kwata har tara da rabi, ina duba kowace kwana. Bai zo ba. Na shiga.

Awa huɗu. Sun tambaye ni abin da ya sa na yi kwana ashirin da uku ban zo ba. Na ce tsoro. Magatakardan ya buga haka, da yatsa biyu, ya ɓata sunana.

Talata, 11 ga Nuwamba, azahar

A mayanka 'yan sanda suka sami Nazario da asuba, yana loda naman uwarsa. An ce jakar kayansa tana bayan kujera tun ranar Lahadi. Bai tafi ba.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, yamma

Melitón ya wuce ta barandar bai gaishe ni ba. Mai sayar da jarida ma haka. An ce wasu suna cewa na yi daidai, amma waɗannan ba su biyo ta nan ba.

An saki Bulmaro da safe. Na hango su a tashar mota, yana tafiya a hankali yana dafe da haƙarƙarinsa, Tomasa tana riƙe da gwiwar hannunsa. Ta gan ni. Yanzu ta san wanda ya buga mata takarda, da abin da ya sani lokacin da yake bugawa. Ta ɗauke kai. Ba ta yi laifi ba.

Wata mata a bakin titi nake sayen abinci wurinta. Shinkafa da wake, ba laifi.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, ƙarfe biyar

Ina rufe tafireta na ga inuwa a kan tebur. Herlinda ce, da gyalen zuwa coci, ba kwano a hannunta. Ta zauna a kujerar masu kawo aiki ta ciro takarda mai hatimi daga ƙirjinta. Daga kotu take. Na ce ai matar Nazario ta iya karatu, ga kuma lauya.

"Sun karanta min. Rage min suke yi, ina gani a bakinsu. Kai karanta min duka."

Na karanta mata duka, shafi uku, har wurin da aka ambaci shekarun da doka ta tanada, har wurin da sunana ya fito. Sau ɗaya ta tsayar da ni, ta ce in maimaita adadin. Na maimaita. Ta gyaɗa kai, ta naɗe takardar, ta tashi. Ba godiya, ba zagi.

Asabar, 15 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Yau ake rufe yankan awaki, tukunyar ƙarshe ke nan sai baɗi. Ba wanda ya gayyace ni. Na zagaya kasuwar sau biyu kafin in shiga. Da na zauna hira ta tsaya, mutum biyu suka ja kwanukansu suka matsa.

Ta sallami kowa, har waɗanda suka zo bayana. Na zauna ina kallon hannuna. Da ba sauran mai jira, ta kankare ƙasan tukunya ta ajiye min. Romo ne da wake da guntun ƙashi ɗaya. Tortiyar ta huce.

Na kusa gamawa ta zo goge kantar rumfar. Ta goge ta gabana, ta ɗaga kwanona ta goge ƙarƙashinsa, idonta a kan tsumma.

"Gobe ake ziyara a gidan yari. Zan kai masa abinci, kwandon yana da nauyi, ga bayana."

Na ce wataƙila ba zai so ganina ba. Ta ce ba ta tambaye shi ba, ni ma ba tambayata take ba.

Na ce ƙarfe nawa. Ta ce tara.